Gyaran Tsohon Jirgi Don Su: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ke ta maimaituwa a bakin masu son sayen ƙaramin jirgi na hannu su gyara shi da kansu don kamun kifi, tun daga tafkunan Lagdo da Maga a arewacin Kamaru har gaɓar kogunan Logon da Shari da tsibiran Tafkin Chadi. An jera su daga saye zuwa ajiya. Shawararmu ɗaya ce a ko'ina cikin amsoshin: a gama da jikin jirgi tukuna, maganar inji ta biyo baya.

1. Wane irin jirgi na hannu ya fi dacewa a mai da shi na su?

Iri uku aka fi samu: kwale-kwalen sassaƙa na itace guda, yawanci maɗaci, jirgin falanki da aka harhaɗa da ƙusa, sai na faiba (zaren gilas da ake haɗawa da wani ruwa mai daskarewa), wanda galibi daga hannun wata ma'aikata yake fitowa. Ga mai aiki da hannunsa, jirgin falanki mai tsawon mita 6 zuwa 8 ya fi sauƙin sha'ani, domin duk katakon da ya lalace ana cire shi a sa wani. Na sassaƙa yana da ƙarko kuma yana shiga ciyawa da ruwa marar zurfi, amma siriri ne, bai cika ɗaukar inji ba. Na faiba ba ya ruɓewa, sai dai kayan gyaransa sai an nemo daga Garwa ko Injamena (duba tambaya ta 8).

Ruwan da za ka shiga shi zai zaɓa maka. Mai jefa birgi (ragar da ake wurgawa da hannu) a kogi ƙarami marar nauyi yake so. Mai shiga buɗaɗɗen ruwa irin na Lagdo, inda iska ke tayar da igiyar ruwa, ya nemi mai faɗin da ya kai mita 1.2 a tsakiya, mai dogon gefe.

2. Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Kada ka yi ciniki jirgi na cikin ruwa kawai, kada kuma ka yi shi yana kan tudu kawai. A ruwa, a kwarfe shi tas, ku shiga ku biyu ku zauna rabin awa, ka ga ta inda ruwa ke tsattsafowa. Sannan a ja shi waje a kife. Ɗauki sukundireba ka bi ƙasan kana dannawa, musamman inda falankin ƙasa ya haɗu da na gefe, da ƙarƙashin haƙarƙari (katakan da ke riƙe falanki ta ciki), da ƙarshen baya inda ruwa ke kwana. Lafiyayyen katako ba ya karɓar ƙarfe. Wanda ya ci ruwa zai lotsa. Ƙwanƙwasa da guduma ma na tona asiri, don ruɓaɓɓen wuri ba ya amo.

Sabuwar kwalta mai kauri a kan tsohon jirgi abin tuhuma ce, a kankare wuri biyu ko uku a ga abin da ke ƙasa. Ka tsaya ta gaba ka rufe ido ɗaya ka hango tsawonsa: idan ya murɗe, ko tsakiya ta ɗago gaba da baya sun sauka, wannan ba ya gyaruwa da ƙusa. Ka zare ƙusa biyu ka gani. In sun sirance saboda tsatsa, sauran ma haka suke. Sannan a yi ciniki gaban shaidu da sanin sarkin ruwan mashigar, a rubuta takarda. In da inji, a rubuta lambarsa a ciki, domin satar inji ba baƙon abu ba ne a bakin ruwa.

3. Lalacewa ta kai ina zan haƙura da jirgin?

Idan falankin ƙasa fiye da kashi ɗaya cikin uku ya ruɓe, ko rabin haƙarƙarin ya tafi, kuɗin katako da ƙusa zai kusa na sabon jirgi, kuma abin da za ka samu tsoho ne mai faci. Araha ba ta ado. Kafin ka sa hannu a aljihu, ka tambayi maƙerin jiragen garinku kuɗin sabo mai wannan girma. In saye da gyara za su haura kashi biyu cikin uku na wancan, a bar shi.

4. Wane katako da kayan aiki zan tanada?

Katakon da ke kasuwannin Garwa, Marwa da Kusiri daga dazukan kudancin Kamaru yake zuwa ta Ngaundare. Farin katako marar nauyi yana da araha da sauƙin yanka, amma ba ya jure ruwa. A bar shi ga benci da daɓe. Ƙasan jirgi, haƙarƙari da allon baya jan katako suke so, ko loko in ya samu. Kaurin falanki santimita 2 zuwa 2.5 ya isa ƙaramin jirgi. A guji mai ƙulli da mai farin gefe, kuma in ɗanye ne a jera shi a inuwa da tsinke a tsakani ya sha iska mako uku zuwa huɗu.

Kayan aiki: zarto, guduma, gizago, kurfi, abin huda, sifana, samfefa da buroshi. Ƙusa ta zama mai rufin farin ƙarfe wadda ba ta saurin tsatsa, inci 3 don falanki. Noti mai kaurin milimita 8 ko 10 da washa don allon baya da benci. Sai kwalta, auduga ko zaren buhun algarara, da fallen kwano don faci.

5. Da me zan fara, kuma wane lokaci ya fi?

A wanke jirgi, a kankare tsohuwar kwalta da fenti, a ɗora shi kan tsoffin tayoyi a inuwa ya bushe kwana 7 zuwa 10. Daga nan haƙarƙari, falanki, allon baya, toshe yoyo, fenti, sannan tsarin ciki. Wanda ya fara da benci da akwati zai dawo ya ɓalle su don ya kai ga ruɓar da ke ƙasa.

A Lagdo da Maga akan rufe kamun kifi daga Yuli zuwa Satumba don kifi ya hayayyafa, shi ya sa da yawa ke gyara a lokacin. Lokaci ne mai kyau ga aikin kafinta, amma damina ce: sai da rumfa, kuma katako ba ya bushewa da wuri. Aikin faiba da fenti ya fi kyau da hunturu. Zafin Maris da Afrilu kuwa yana tsaga falanki in aka bar jirgi a rana (duba ta 17).

6. Yaya ake canza ruɓaɓɓen falanki da haƙarƙari?

Ɗaya bayan ɗaya, kada a cire biyu a jere lokaci guda, jirgin zai buɗe ya rasa siffarsa. Kafin a cire komai a gicciya katako biyu ko uku a saman gefe a kafe na wucin gadi. Haƙarƙarin da ya tsage amma bai ruɓe ba, a jingina masa sabo a gefensa a ɗaure su da noti. Tazarar santimita 40 zuwa 50 tsakanin haƙarƙari ta wadatar, amma a mita ɗaya na ƙarshen baya a matso da su zuwa 30 in za a ɗaura inji.

Wajen falanki, a yanke har sai an wuce ruɓar da kamar taƙi guda ta kowane ɓangare, a sa mahaɗar ta faɗa kan haƙarƙari, ko a ɗora mata guntun katako ta ciki. Tsohon da aka cire shi ne ma'aunin sabon. Kuskuren da ya fi yawa shi ne buga ƙusa cikin jan katako ba tare da huda ba, bakin falankin ya tsage nan take ko bayan mako. A huda rami ɗan ƙasa da kaurin ƙusar, a tsoma ta cikin kwalta, a buga, a lanƙwasa tsinin da ya fito ta ciki. Mahaɗar falanki biyu maƙwabta kada su faɗa kan haƙarƙari ɗaya.

7. Yaya zan toshe yoyo ya daɗe?

A yashe tsohon tsumma da ƙasa daga tsakanin falanki har a ga katako. A murza auduga ko zaren algarara ya zama igiya mai laushi, a cusa da kurfi marar kaifi, a bar ɗan gurbi a sama don kwalta. Ga inda ake samun matsala: busasshen katako zai kumbura idan ya koma ruwa. Wanda ya danna auduga da ƙarfi a busasshen jirgi, kumburin zai ture ƙusa ko ya tsaga falanki. A cusa daidai yadda ba za ta faɗo ba, ruwa zai ƙarasa aikin. Bayan an zuba kwalta, a sa jirgin a ruwa marar zurfi kwana biyu zuwa uku kafin a yanke hukunci a kan yoyo.

A narka kwalta a fili, nesa da zana da jarkar fetur, da murfi da bokitin yashi a kusa. Ɗigon ruwa a cikin tafasasshiyar kwalta yana sa ta fantsama, ƙunarta kuwa mai tsanani ce. Kada a sirka ta da fetur a kan wuta.

Tsagar kwale-kwalen sassaƙa daban take. A huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, a cusa auduga, a shimfiɗa tsumma mai kwalta, a rufe da fallen kwano, a bi gefensa da ƙananan ƙusoshi kowane santimita 2 zuwa 3. Facin ya kasance ta waje, bakinsa na gaba a kwance sosai don kada ciyawa ko yashi su ɗaga shi.

8. In lulluɓe jirgin katako da faiba, ba shi ke nan na huta da yoyo ba?

Ba mu ba da wannan shawara a tsohon jirgin da ya sha kwalta da mai. Ruwan faiba ba ya kama katako mai danshi ko maiƙo. Zai yi kyau wata biyu ko uku, sannan ya ɗago, ruwa ya shiga tsakani ya rasa mafita, katakon ya ruɓe a ɓoye.

Jirgin da asalinsa na faiba ne kuwa gyaransa da faiba ne. A goge kewayen ramin ya yi gangare mai faɗi, a share ƙura, a tabbatar ya bushe ƙayau. A yanka tabarmar faiba mai nauyin giram 450 a murabba'in mita, falle uku, kowanne ya ɗara na baya faɗi. Murabba'in mita ɗaya na falle guda yana shan ruwan faiba kilo ɗaya da ɗan ɗori. Maganin daskarewa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa a ruwan faiba. A zafinmu kashi 1 ya isa, wato mililita 10 a kilo guda. A dama kaɗan-kaɗan, abin da za a shafa cikin minti 15, da sassafe a inuwa, a danne kumfar iska da buroshi. A sa safar hannu, a kare ido, don maganin daskarewar yana makantarwa. A kuma matsa allon bayan irin wannan jirgi da hannu: akwai katako a cikinsa, in yana lanƙwasa to ya ruɓe, sai an fasa an canza (duba ta 9).

9. Jirgina mai tsini ne gaba da baya. Yaya zan yi masa wurin ɗaura inji?

A yanke tsinin baya a inda faɗin jirgi ya kai santimita 45 zuwa 50 a sama, a toshe da allon jan katako falle biyu da aka haɗa, kaurinsu duka santimita 4 zuwa 5. A ɗan kwantar da saman allon zuwa baya kaɗan. A kafa shi da tokare uku, ɗaya daga ƙasan jirgi, biyu daga gefe, dukansu da noti da washa. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe girgizar inji.

Tsayin allon shi ne abin da aka fi kuskurewa. Inji mai gajeriyar ƙafa yana son kimanin santimita 38 daga saman allo zuwa ƙasan jirgi, mai doguwa kimanin 51. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela: ya yi daidai da ƙasan jirgi ko ya sauka da santimita 2. In ya yi sama, farfela za ta sha iska, inji ya yi ta ihu ba gudu, kuma ruwan sanyaya shi ya yanke. In ya yi ƙasa da yawa, zai ci mai ya riƙa dukan yashi da kututture. A samu injin a auna kafin a yanka allo.

10. Inji mai ƙarfin doki nawa ya dace?

Jirgin mita 6 zuwa 8 doki 8 zuwa 15 ya ishe shi. Yamaha Enduro mai doki 15 nauyinsa wajen kilo 40 ne, in an buɗe masa wuta duka yana shan wajen lita 7 a awa. Mai doki 40 ya haura kilo 70, shansa ya ninka wancan fiye da sau biyu. Na manyan jiragen fito ne da na 'yan kasuwa. A ƙaramin jirgi zai danne baya, ya ɗaga gaba, igiyar ruwa ta shigo ta allon baya da zarar an rage wuta. Siririn jirgi mai nauyi yana da iyakar gudunsa, ƙarin doki ƙarin mai ne kawai. Rabin wuta zuwa kashi biyu cikin uku shi ne tafiyar mai neman riba.

Wanda wurin sunsa bai wuce tafiyar awa guda da filafili ba, ya yi lissafi da kyau ko kifin zai biya fetur.

11. Yaya ake haɗa mai, kuma me ke saurin kashe inji?

Injin da ake haɗa wa mai a tanki, irin Enduro, kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na man haɗi: mililita 20 a lita, 400 a jarka mai lita 20. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya yakan zo da ruwa da datti, a tace shi da kyalle mai tsabta, a bar shi ya kwanta. Kada a tayar da inji a tudu ko na daƙiƙa kaɗan, robar famfon ruwa za ta ƙone. Kullum a duba ɗan ruwan da yake fesowa ta baya. In ya tsaya a kashe, a cire kainuwa ko leda daga ramukan shan ruwa. Man giya in ya koma fari kamar madara ruwa ya shiga, sau da yawa zaren kalli (ragar da ake shimfiɗawa a ruwa) ne ya naɗe bayan farfela ya cinye robar. A riƙa cire farfela ana dubawa. Filogi biyu, sifana da igiyar tayarwa su zauna a jirgi, injin kuma a ɗaure shi da igiya ta daban ban da maƙallansa.

12. Yaya zan tsara cikin jirgi?

Kayan sunka ne za su faɗa. Mai kalli yana son fili a tsakiya zuwa gaba wanda babu kan ƙusa ko tsinin katako ko ɗaya. A bi da tafin hannu, duk abin da ya kama fata zai yaga raga. A tsaga bututun roba ko tsohon tiyo a lulluɓe saman gefen da ake jan kalli. Mai birgi yana son wurin tsayawa a gaba, amma kada a ɗaga shi zuwa bakin jirgi. Santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa ya isa, a barbaɗa yashi a ɗanyen fenti don santsi. Mai mamari (doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa) ya yi akwati mai soso a baki inda zai jera ƙugiyoyi. Mai gura (tarkon kifi) fili kawai yake so, da wuraren ɗaure igiya a gefe.

Daɓen ƙasa ya zama na sassan da ake ɗagawa, a bar gurbi ɗaya a mafi zurfin wuri don kwarfar ruwa. Benci ba wurin zama kaɗai ba ne, shi ke riƙe gefe da gefe. Kada a cire na tsakiya don neman fili sai an maye gurbinsa da ƙaƙƙarfan haƙarƙari. Duk abu mai nauyi ya zauna ƙasa kuma a tsakiya, tankin mai a matso da shi gaba don ya rama nauyin inji. Rumfa in za a yi, ta zama gajeriya mai cirewa, domin iskar hadarin farkon damina tana kama ta.

13. Ina zan sa kifi kada ya lalace?

Giwan ruwa da karfasa in za su kai kasuwa ɗanye sai da ƙanƙara, kilo ɗaya ga kilon kifi a irin zafinmu. Gangar jikin tsohon ƙaramin firji tana aiki in an cire injinta. Ko a yi akwatin katako a jera farin soso (irin wanda ke zuwa a kwalin sabbin kayan lantarki) mai kaurin santimita 5 a ciki, a rufe da kwano, a bar ramin tsiyaye ruwa. A ɗaure shi a tsakiya kada ya zame. Tarwaɗa kuwa tana daɗewa da rai a ɗan ruwa, rabin ganga mai murfi ta isa. A tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, ruwan da ke kai da komo a ganga yana karkata jirgi, don haka kaɗan ake zubawa. Kifin da za a yi banda da shi, inuwa da jiƙaƙƙen buhu sun riƙe shi zuwa gaɓa. Kifi da fetur kada su haɗa wuri.

14. Me zan yi don kada jirgi ya nutse in ruwa ya cika shi?

Katako kaɗai yakan yi iyo, amma inji, batir da anka za su ja shi ƙasa. Jarkar lita 20 da ba komai a ciki, mai murfi da roba, tana ɗaga kusan kilo 19. Ga jirgi mai injin doki 15 da mutum biyu ko uku, a sa huɗu aƙalla: biyu a baya kusa da inji, biyu a gaba. A ɗaure su a ƙarƙashin benci ta gefe da igiya mai ƙarfi. In aka shimfiɗa su a ƙasan jirgi, ranar da ya cika za su juya shi ya kife. Wannan ba ya maye gurbin rigar ceto ga kowa, har wanda ya iya ruwa, ballantana yaran da ke bin iyayensu su. A riƙe filafili biyu da gwangwala ko da inji, da abin kwarfa ɗaure da igiya, da tocila. Inda dorina take, a Maga, Logon ko Binuwai, babu gyaran da ke tare ta sai nisanta.

15. Yaya zan gwada kafin in shiga ruwa mai zurfi?

A ruwan da bai wuce ƙugu ba, a loda jarkoki cike da ruwa daidai nauyin mutane, raga jiƙaƙƙiya, ƙanƙara da kifin rana mai kyau. Gefen da ya rage a saman ruwa kada ya gaza santimita 25 a kogi, 30 ko fiye a tafki. A ja layin fenti a nan, ya zama iyakar lodi. In bai kai ba, a rage kaya ko a ƙara falanki mai faɗin santimita 15 zuwa 20 a saman gefe. Sannan a cire inji, a ɗaura duwatsu masu nauyinsa a baya, a cika jirgin da ruwa da gangan a ga ko jarkokin tambaya ta 14 sun riƙe shi a miƙe. Bayan tafiyar farko da inji a sake ɗaure kowane noti.

16. Akwai takardun da ake bukata?

A Kamaru izinin kamun kifi yana hannun ma'aikatar kiwo da kamun kifi, MINEPIA, ta ofisoshinta na yanki. A Chadi ma'aikatar da ke kula da muhalli da kamun kifi ce. A Tafkin Chadi, wajen Darak, Bilanguwa ko Bol, matsalar tsaro takan sa hukuma ta taƙaita zirga-zirga, inji ko ɗaukar fetur, kuma dokar tana sauyawa. A tambayi jami'ai da sarkin ruwa kafin a kashe kuɗi a kan inji. Takardar ciniki ta tambaya ta 2 a naɗe ta a leda a riƙe kwafinta.

17. Fenti da ajiya fa?

Ƙasa ta waje kwalta, sama da layin ruwa fentin mai shafi biyu, na farko a ɗan sirka shi don katako ya sha. Ciki a bar shi da shafi marar kauri don danshi ya samu fita. Baƙin man mota da wasu ke shafawa yana hana fenti kamawa, yana sa santsi, kuma warinsa na bin kifi. In za a ajiye jirgi fiye da mako biyu, ko dai a bar shi a ruwa a ɗaure ana kwarfewa, ko a kife shi kan tayoyi a rufe da zana, ƙasa ba ta taɓa shi saboda gara. Da bazara a riƙa watsa masa ruwa safe da yamma. Inji a bar shi ya shanye man da ke kafireta tun yana cikin ruwa, a jingina shi a tsaye a ɗaki, kai sama farfela ƙasa.